Muhawara: Baiwa ce ta kai Osi Umenyiora NFL, ko fitar da aka yi da shi yana ɗan shekara 14?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da magana a kan ƙwallon Amurka, tunda na san akwai mazauna can a zauren nan. Osi Umenyiora, wanda ya yi wa New York Giants wasan tsaro a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, har ya ci kofinta na Super Bowl sau biyu, a Landan aka haife shi a 1981. Yana ɗan shekara 7 aka dawo da shi Najeriya, yana 14 aka tura shi Auburn da ke jihar Alabama karatu. A can ya fara taɓa ƙwallon. Abin da nake cewa shi ne, da ya ƙara shekara huɗu kacal a gida, da yau babu wanda ya san sunansa. Hanyar guda ɗaya ce: sakandare a Amurka, jami'a a Amurka, sannan zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL ke yi. Wanda bai shiga ta ƙofar farko ba ya makara, komai girman jikinsa. Ina son masu sani su faɗa min inda maganar nan ta karkace.

Bakatsinen_Houston:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Fagge, rabin maganarka gaskiya ce. Bari in shimfiɗa yadda hanyar take, don waɗanda ba su sani ba. Yaro yana yin shekara huɗu a sakandare, kuma kusan kowace makaranta a nan Texas tana da ƙungiya, ana wasa daren Juma'a. Daga nan jami'o'i ke ɗaukar wanda ya burge su, su ba shi karatu kyauta. Dokar NFL ta ce sai ka cika shekara uku da gama sakandare kafin ka shiga zaɓe. Ana yin zaɓen a watan Afrilu, zagaye bakwai, ƙungiyoyi 32, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai ake ɗauka a shekara. Yaran da ke wasan a sakandare sun kai miliyan ɗaya. Cikin waɗanda suka samu shiga ƙungiyar jami'a ma, ba a samun biyu cikin ɗari da NFL ke zaɓa. To ka ga ko wanda aka haifa a bakin filin, ƙofar ba a buɗe take masa ba. Zuwa Amurka da wuri yana ba ka damar shiga layi ne kawai.

Abu_Sumayya:
Ku yi haƙuri da mu 'yan koyo. Shi mai tsaron a wannan wasan mene ne aikinsa? Ni dai na kan ga ƙarti sun yi karo, an busa, an sake jeruwa.

Koci_Mai_Ritaya:
Ɗana Abu_Sumayya, mutum goma sha ɗaya ne ke tsaro, kashi uku. Akwai na sahun gaba, su ne manyan ƙarti. Akwai na tsakiya, masu karanta inda wasan zai nufa. Akwai na baya, masu gudu, da ke bin waɗanda ake jefa wa ƙwallo. Osi a gefen sahun gaba yake tsayawa. Aikinsa ya isa ga kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, kafin ya jefa, kuma abin da yake da shi bai fi daƙiƙa uku ba.

Ka lura da shi a bidiyo. Zai duƙa, hannu ɗaya a ƙasa, idonsa a kan ƙwallon ba a kan mutumin da ke gabansa ba. Ƙwallon na motsawa ya tashi. A gabansa akwai ƙato mai nauyin kilo 140 da aka ajiye musamman don ya tare shi, shi kuma bai wuce kilo 116 ba. Ba ya ture shi, kewaye shi yake yi, ya sunkuyar da kafaɗa ya bi ta gefe, yana doke hannun mutumin don kada ya riƙe masa ƙirji. Wanda ya san kokawa zai gane abin nan da nan, rigimar duk a kan wa zai riga kama wa ce. Inda Osi ya fi saura shi ne, in ya iso ta bayan kwatabak ba jikin yake fara nema ba, hannun da ke riƙe da ƙwallon yake sara. A kakar 2010 sau goma ya fizge ƙwallo ta haka. Wannan ba ƙarfi ba ne kaɗai, koyo ne na shekaru.

Ɗan_Fagge:
To Baba Koci, ai ka ƙarfafa maganata. In koyo ne na shekaru, wanda ya kai 20 a Kano ko Legas yaushe zai koya?

Zangon_Nima:
Ɗan'uwa, mu a Ghana muna da amsarka, sunansa Ezekiel Ansah. A Accra ya tashi, a nan ya yi sakandarensa gaba ɗaya. Sai 2008 ya tafi jami'ar BYU a jihar Utah, kuma karatu ya kai shi. Kwando yake so, ya gwada shiga ƙungiyar jami'ar har sau biyu ba a ɗauke shi ba. Ya koma tsere. Sai a 2010 ya fara ƙwallon Amurka, ya haura shekara 20, bai san ko yadda ake ɗaura kayan wasan ba. A 2013 Detroit Lions suka ɗauke shi na biyar a duk zaɓen. Na biyar fa! A 2015 ya kayar da kwatabak sau 14 da rabi. Ina ƙofar sakandaren da ka ce dole?

Bazazzagiya:
Sau 14 da rabi kuma? Ana kayar da rabin mutum ne?

Koci_Mai_Ritaya:
In mutum biyu suka haɗu suka kayar da shi, kowa rabi ake rubuta masa, 'yata.

Ɗan_Fagge:
Zangon_Nima, na ji ta Ansah, amma ka duba da kyau, shi ma sai da ya tsinci kansa a cikin jami'ar Amurka. Abinci, ɗakin ɗaga ƙarfe, koci na musamman ga kowane matsayi, duk a can ya same su. Ƙofa ta biyu ya bi maimakon ta farko, gidan dai ɗaya ne.

Ɗan_Peckham:
To ga wanda bai bi ko ɗaya ba. Efe Obada. An haife shi a Najeriya a 1992, aka kai shi Holan yana ƙarami, daga nan aka shigo da shi Landan shi da 'yar'uwarsa yana ɗan shekara 10, aka watsar da su. Sun kwana a waje, daga baya hukuma ta riƙa ba da su riƙo gida-gida. Bai yi jami'a a Amurka ba, bai yi sakandare a can ba. Yana aikin ƙarfi ne ya shiga wata ƙungiyar 'yan sha'awa, London Warriors. Wasa biyar kacal ya yi musu, wani kocinsu Aden Durde ya yi masa hanya zuwa Dallas Cowboys a 2015. An sallame shi, ya je wasu wuraren an sake sallamarsa. A 2017 ya shiga Carolina Panthers ta shirin NFL na 'yan ƙasashen waje, a 2018 ya samu gurbi cikin mutum 53 da ƙungiya ke shiga kaka da su. Wasansa na farko, da Cincinnati Bengals, ya kayar da kwatabak, ya kuma cafke ƙwallon da aka jefa wa wani. Aka ba shi gwarzon mai tsaro na makon a rabin gasar da ƙungiyarsa take ciki. Duk lokacin da na tuna inda yaron nan ya fito sai jikina ya yi sanyi.

Bakatsinen_Houston:
Labarin Obada gaskiya ne, amma mu faɗa wa juna gaskiya, shi ya sa ake ta maimaita shi, don irinsa ba su da yawa. Kuma ku lura da wani abu: Osi, Ansah, Obada, duka ukun matsayi ɗaya suke bugawa, gefen sahun gaba. Ba haɗuwar sa'a ba ce. A wannan matsayin ana iya ce wa sabon shiga, ga mutumin can, je ka kamo shi, tsawonsa da saurinsa su rufa masa asiri kafin ya gama koyon sauran. Amma na tsakiya da ke kiran tsarin tsaro ga abokansa, ko na baya da ke gudu da baya-baya yana karanta ƙugun mai karɓar ƙwallo, da wuya ka ga wanda ya fara da girma. Nnamdi Asomugha, wanda Raiders suka ɗauka a zagayen farko a 2003, iyayensa 'yan Najeriya ne amma a Amurka aka haife shi, a California ya tashi da wasan tun yana yaro. Don haka amsar tambayar Ɗan_Fagge ta danganta da wane gurbi ake magana.

Sarkin_Yaƙi_99:
Wannan ita ce magana. A rufe muhawara.

Maman_Khalifa:
Ba a rufe ba tukuna, ƙanina. Ku maza kuna ta lissafin yadda ake shiga, babu wanda ya tambayi yadda ake fitowa. Ɗana na biyu yana ƙungiyar makarantarsu a nan Ohio, yana tsakiyar tsaro. Wani daren Juma'a ina zaune a kan benci ya yi karo da wani yaro, kai da kai. Ya miƙe da kansa, har na yi hamdala, sai na ga ya nufi wajen da 'yan ɗaya ƙungiyar suke tsaye. Abokinsa ne ya kamo hannunsa ya juyo da shi. A mota yana ta tambayata ko sun ci, in ba shi amsa, jim kaɗan ya sake tambaya. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta bugu, aka hana shi waya da talabijin, hasken ɗaki ma damunsa yake yi. Ya warke, alhamdu lillahi, ya koma wasa don ransa na so kuma babansa ya goya masa baya. Ni dai tun daga ranar ban ƙara kallon wasan da daɗin rai ba. Hular kwanon nan tana kare ƙoƙon kai ne, ba ta hana abin da ke ciki girgiza.

Bazazzagiya:
Allah sarki Hajiya. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya tsare gaba.

Likitan_Ƙashi:
Amin. Abin da Hajiya ta faɗa a kan hular haka yake. Kuma abin da ya kamata mu sani, ɗan Najeriya ne ya fara tona wannan matsalar a NFL, Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002 a birnin Pittsburgh ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Steelers, ya ga lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke jawowa. Ya wallafa a 2005, hukumar wasan ta daɗe tana musantawa. Junior Seau, ɗaya daga cikin manyan 'yan tsakiyar tsaro da aka taɓa yi, ya kashe kansa a 2012, aka duba aka samu cutar. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka same ta a 110. Sai dai a yi adalci, iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da gawar 'yan'uwansu, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Amma ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba babban karon da ake nunawa a talabijin ne kaɗai abin tsoro ba, ƙananan da 'yan sahun gaba ke yi a kowane tashi, a wasa da atisaye, su ne ke taruwa.

Sarkin_Yaƙi_99:
Likita, kowace sana'a da haɗarinta. Direban tirela fa? Waɗannan aƙalla miliyoyin daloli suke kwasa. Nick Bosa na San Francisco ya sa hannu a kan dala miliyan 170 na shekara biyar a 2023. Ko jikokinsa ba za su yi talauci ba.

Akanta_Bronx:
Ƙanina, ka ɗauko na can ƙololuwa. Bari in ba ka lissafin na ƙasa, don su ne suka fi yawa. Kowace ƙungiya tana shiga sansanin atisaye da mutum 90, a ƙarshen Agusta a rage su zuwa 53. Wasu 16 ake ajiyewa a matsayin 'yan atisaye, ana biyansu mako-mako, kuma ana iya sallamar mutum ranar Talata ya kwashe kayansa. A 2024 mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa dala 795,000 ne, ɗan atisaye kuma dala 12,500 a mako. Da kuɗinmu na gida abin ya yi kama da dukiya, na sani. Amma cire harajin tarayya da ke kaiwa kashi 37 a saman albashi, cire na jiha in ba irin su Texas ko Florida kake ba, cire na wakili da ke kaiwa kashi 3. Sannan matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku da 'yan watanni ne. Fansho kuwa sai ka cika kaka uku da aka ƙirga maka. Mutane da yawa ana sallamarsu daf da nan.

Babban abin da mutane ba su gane ba shi ne adadin da ake shelantawa ba shi ake ba ka ba. A NFL kuɗin da aka lamunce maka a rubuce shi ne naka, sauran kuwa in gwiwa ta tafi ya tafi. Shi kansa Osi ya sabunta kwantiragi a ƙarshen 2005, da kasuwa ta tashi ya ga waɗanda bai ɗauka sun fi shi ba suna karɓar fiye da nasa, ya yi ta rigima da shugabannin Giants a 2011 a kan haka.

Ɗan_Fagge:
Madalla da kuka dawo da mu kan Osi. Wani ya ba mu tarihin wasansa a jere mana, don ni ƙarshensa na fi sani.

Koci_Mai_Ritaya:
Daga sakandaren Auburn jami'ar Troy ce ta ɗauke shi, ƙaramar makaranta a fagen wasan in an kwatanta da irin su Alabama. A nan ne nake ganin maganarka ta yi rauni, Ɗan_Fagge. Kafin zaɓe akwai gwajin da ake kiran fitattu zuwa Indianapolis, a auna gudunsu na yadi 40, a ga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai kilo 102, likitoci su duba kowace gaɓa. Osi ba a ma gayyace shi ba. Duk da haka Giants suka ɗauke shi a zagaye na biyu a 2003, na 56. A 2005 ya kayar da kwatabak sau 14 da rabi. A watan Satumban 2007 ya kayar da Donovan McNabb, kwatabak na Philadelphia, sau shida a dare ɗaya, saura ɗaya ya kamo tarihin Derrick Thomas na bakwai. A Fabrairun 2008 shi da Michael Strahan da Justin Tuck suka hana Tom Brady, kwatabak na New England, sakat, Giants suka doke su 17 da 14, ƙungiyar da ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar. Bayan wata shida, a wasan share fage da ba ya cikin lissafi, guringuntsin gwiwarsa ya yage, kakar 2008 gaba ɗaya ta wuce shi. Ya dawo, ya sake cin kofin a Fabrairun 2012, ya yi shekara biyu a Atlanta, ya ajiye a 2015 da kayarwa 85. Yara dubbai sun je Amurka suna 14. Nawa ne suka yi wannan?

Zangon_Nima:
Ƙari a kan na Baba Koci: DeMarcus Ware makarantarsu ɗaya da Osi, sakandare da jami'a duka. Ƙaramin gari ɗaya ya fitar da su biyun. Wannan kuma sai ya koma wajen Ɗan_Fagge, wato wuri ma yana da nasa tasirin.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da hira. Tambayata daban ce. Musulmi zai iya riƙe addininsa a cikin wannan sana'ar? Sansaninsu na zafi ne, wasu shekarun yana faɗowa cikin azumi.

Abu_Sumayya:
Wannan kam na san amsarta ko da ban iya wasan ba. Husain Abdullah. Mai tsaron baya ne, ba a zaɓe shi ba a 2008, ya shiga Minnesota Vikings ta gwaji har ya shiga cikin waɗanda ake fara wasa da su. Yana azuminsa a cikin sansani. A 2012 shi da yayansa Hamza, wanda shi ma ɗan NFL ne, suka ajiye kakar gaba ɗaya suka tafi aikin Hajji da iyayensu. Ya dawo Kansas City suka ɗauke shi. A Satumban 2014 ya cafke ƙwallon Tom Brady ya ruga da ita har ya ci maki, ya yi sujada, alƙalin wasa ya ci tararsa yadi 15. Washegari NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba.

Maman_Khalifa:
Malam Abu_Sumayya, ka ƙarasa labarin. A 2016 ya bar wasan yana ɗan shekara 30, da ƙarfinsa, ya ce sau biyar ƙwaƙwalwarsa na buguwa kuma yana son ya rayu da hankalinsa. Shi nake ba ɗana misali da shi kullum.

Ɗan_Maraɗi:
Allah Ya saka masa da alheri. Na gode Hajiya, na gode Malam.

Yaron_Malam:
Yayyena, ni abin ya shafe ni kai tsaye. Ƙanina shekararsa 17, tsawonsa ya kusa mita biyu, yana buga kwando a Kaduna. Bara wani mutum ya same mu ya ce yana da hanyar kai yara makarantun Amurka, ya nuna mana hotuna da takardu masu tambari. Mahaifinmu ya sayar da fili ya biya kuɗin rajista da na biza. Daga nan waya ta daina shiga. Yaron har yau bai daina atisaye ba, da asuba yake fita gudu, amma tsohon ba ya son a ƙara tayar da zancen a gidan. Shin akwai hanya ta gaskiya, ko mu haƙura?

Bakatsinen_Houston:
Innalillahi. Allah Ya mayar muku da alheri. Ƙanina, riƙe wannan: makarantar da ke son yaro da gaske ba ta aiko ɗan tsakani ya karɓi kuɗi a hannu. Hanyar da na sani guda biyu ce. Ta farko karatu. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana duba sakamakon sakandare kafin ta bar yaro ya buga wasa, don haka ya riƙe takardunsa da kyau, Ansah ma ta nan ya bi. Ta biyu kuwa Osi ne da kansa ya buɗe ta. Bayan ya yi ritaya ya kafa shirin The Uprise a Najeriya yana neman dogayen yara, yawanci daga kwando, sannan ya jagoranci sansanin NFL na Afirka: Ghana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. Waɗanda suka yi fice ana wucewa da su makarantar NFL da ke Ingila in ƙanana ne, manya kuma shirin da Obada ya bi. Roy Mbaeteka ta nan ya samu sa hannu da Giants a 2022 bai taɓa buga wasan a makaranta ba. Ku bi shafukansu na ainihi, kada ku bi ta hannun kowa.

Ɗan_Peckham:
Kuma yanzu an ba kowace ƙungiya ƙarin gurbi ɗaya cikin 'yan atisaye don ɗan ƙasar waje. Gurbi 32 ke nan da ba su a zamanin da Obada ya fara.

Akanta_Bronx:
Haka ne, amma a gaya wa yaron duka. Sa hannu daban, buga wasa daban. Akasarin waɗanda suka shiga ta wannan shirin a atisaye suke ƙarewa, shekara biyu ko uku a sallame su. Wasu su nufi gasar Kanada, inda ake wasa da mutum 12 kuma kuɗin bai kama ƙafar na NFL ba. In zai tafi, ya tafi da niyyar dawowa da digiri.

Ɗan_Fagge:
Ni kuwa abin da na gani a bayanin Bakatsine shi ne, Osi da kansa ya yarda da ni. Da baiwa kaɗai ta isa, me zai sa ya dawo yana kafa sansani? Ya san akwai dubban irinsa a Najeriya da ba su samu wanda zai saya musu tikiti ba. Ku duba Amobi Okoye, daga Anambra aka kai shi Alabama yana 12, Houston suka ɗauke shi na goma a 2007 yana ɗan shekara 19. Emmanuel Ogbah daga Legas aka kai shi Houston yana 9. Duk labarin ɗaya ne, iyaye ne suka fara yin hijirar.

Bazazzagiya:
Wani abu da na lura, duk sunayen da kuke kira daga kudu suke. Ina namu? Dogaye ai ba mu rasa su ba.

Koci_Mai_Ritaya:
'Yata, dogaye muna da su, na horar da su da hannuna a kwando da guje-guje. Abu biyu ne. Iyalan kudu sun riga mu yawa a Amurka, a Houston da Maryland da Atlanta, to 'ya'yansu ne ke cikin makarantun. Na biyu, masu neman yaran a Legas da Abuja da garuruwan kudu suka fi tsayawa. Sannan akwai abinci. Yaro mai mita biyu da ke da kilo 80 ba zai tsaya a sahun gaba ba, sai an ɗora masa kilo 30 na tsoka, wannan kuwa nama ne da ƙwai da madara kullum har shekara biyu. Gida nawa ne zai iya? Ni shawarata ga Yaron_Malam, kada ƙaninka ya saki kwandon. Ƙafar da kwando ke koyarwa ita masu neman 'yan sahun gaba ke dubawa, kuma in wannan bai yiwu ba yana da wancan.

Likitan_Ƙashi:
Kuma akwai nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum. An sa shi a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Ga iyaye irin su Maman_Khalifa, wannan ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Sarkin_Yaƙi_99:
Likita, wannan ai ba zai kai mutum NFL a matsayin mai tsaro ba. Aikin mai tsaro kayarwa ne.

Maman_Khalifa:
Ba kowace uwa ce ke addu'ar NFL ba, ƙanina. Duk wanda ya kalli daren da Damar Hamlin na Buffalo ya faɗi a fili a Janairun 2023, zuciyarsa ta tsaya bayan ya tare wani, 'yan wasa suna kuka sun kewaye shi, ya san abin da nake nufi. Allah Ya tashi kafaɗunsa har ya dawo wasa, amma mahaifiyarsa tana cikin filin a daren.

Yaron_Malam:
Na gode ƙwarai, yayyena da iyayena. Zan nuna wa ƙanina duk abin da aka rubuta, har da na Hajiya da na Likita. Baba Koci, gudun yadi 40 ɗin nan, a ƙasa ake aunawa ko a kan ciyawa? Kuma daƙiƙa nawa ake nema ga mai irin jikinsa? Muna da fili a bayan makarantarsu, zan riƙe masa agogo.

Koci_Mai_Ritaya:
Yadi 40 mita 36 da rabi ne, ku auna da tef. Ku nemi wuri mai laushi da ba santsi, ya tashi daga duƙe, hannu ɗaya a ƙasa, ka danna agogo da motsinsa na farko. Ga ɗan gefen sahun gaba, duk abin da ya yi ƙasa da daƙiƙa 5 abin dubawa ne, manyansu suna yin 4.6 zuwa 4.7 da nauyin da ya haura kilo 110. Agogon hannu yana rage wa mutum kaɗan, kada ku ruɗu da shi. Ku ɗauki bidiyo daga gefe yadda za a ga taku goma na farko, ka turo min ta akwatin saƙo in duba.